Tafiyar Gwaggo da Ban Gani Ba

Gwaggo ta cika da hantsi, aka kai ta makwancinta bayan azahar, kafin magariba gidanmu na Fagge ya cika har soro. Allah ne Ya ba mu ita, Shi kuma Ya karɓi abarsa, can za mu koma dukkanmu. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tare da Baba, mu mata muna tsakar gida. Washegari dangi suka sauka daga Maiduguri. Matan unguwa da suka yi shekaru suna sayen turaren wutarta suka yi ta shigowa, har da amaren da ta gyara, waɗanda yanzu wasu sun aurar da nasu 'ya'yan. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Sannan ta ƙara da abin da kowa ke faɗa: "Baiwar Allah, ta sha zama. Amma kun yi jinya, wallahi kun yi." Ni aka fi kallo idan an faɗi haka, ni kuma ina sunkuyar da kai ina karɓar yabon.

Sai wata mata ta shigo, babu wanda ya san ta a gidan, zaninta na ƙanshin man suya. Ta zube gaban Inna, mahaifiyata, ta fashe da kuka.

"Wayyo Hajiya! Talatar da ta wuce fa a bencina ta huta. Ta ce ƙosaina ya sha mai da yawa, kuma ta cinye shi tas."

Na ce, "Baiwar Allah, anya ba ɓatan gida kika yi ba? Gwaggonmu ba ta fita da ƙafa."

Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Kafin in sake magana Yaya, wato wana, ya yi sallama daga soro, ya miƙo mini wata leda. Ya ce wani mai gyaran takalmi ne ya zo gaisuwa, ya ba Baba, wai na Gwaggo ne ta bar masa ya sake musu dunduniya. Na buɗe. Takalman da na saya mata da Sallah ne, na san su kamar tafin hannuna. An lafta musu sabuwar roba, amma ta gefe ana ganin yadda tsohuwar ta cinye har ta kusa hujewa. Na zauna da su a cinya ina jujjuya su, don mai zaman ɗaki ba ya cinye dunduniyar takalmi.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a tuna Gwaggo yadda muka yi ta ba masu gaisuwa labarinta. Ba haka take ba, mu ne muka so ta zama haka.

Yayar Baba ce. Allah bai bar mata nata 'ya'yan ba, sai aka ba ta ni tun daga yaye, a ɗakinta na girma. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo su Kano, ya rasu tun ban yi wayo ba, ita kuwa ta ce ba inda za ta koma. Turaren wuta take yi da humra irin ta mutanenmu na Barno. Ɗakinta kullum hayaƙi, ni kuwa har a makaranta ana gane ni da hanci kafin a gan ni.

Kuma ga tafiya. Kai, Gwaggo da sauri! Idan mun fita tare sai dai in bi ta da ɗan gudu, kwandon kwalabe a kaina. Duk wanda ya tsaya mata a gaba, yaro ne ko babba ko mai kura, magana ɗaya take yi masa: "Kauce ka ba ni hanya." Ba ta shiga mota zuwa Sabon Gari. Cewa take wanda ke cikin mota ba ya sanin wa ya haihu, wa ya mutu.

A kasuwar Sabon Gari take sayen kwalabe da madarar turare, a shagon wata mata da muke kira Madam. Iyayen Madam daga gabas suka zo, amma ita a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwa. Da faɗa suka fara. Gwaggo ta sansana wata kwalba ta ce tana jin kananzir, Madam ta rantse sau uku ta wanke ta, Gwaggo ta ce to ta ƙara na huɗu. Tun daga nan babu makon da ba su yi ba. Madam ta ce, "Hajiya, hancin nan naki shi zai kashe ni." Gwaggo ta ce, "Ƙazantarki dai za ta kashe ki." Sai su raba goro. Da 'yar Madam za ta yi aure, Gwaggo ce ta tafi da kaskonta ta turara yarinyar har kwana bakwai, Madam ta ce ranar bikin cocinsu gaba ɗaya ya koma ƙanshin amaryar Barno. Haka take yi wa duk amaryar da ba ta da uwa a unguwarmu, ba ta karɓar komai, kuma idan kika yi mata godiya a gaban mutane kin shiga uku.

Ciwon ƙugu ya fara mata a hankali, sannan wata damina ta zame a bakin famfo. Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce shi bai ga abin da zai ɗaura ba. Aka yi shafe-shafe, aka sha jiƙe-jiƙe, abu sai gaba yake. Ƙarshe da jan jiki take kai bakin ƙofar ɗaki. Asibiti suka ce mahaɗar cinya da ƙugun ce ta cinye, sai dai a sake ta da ta ƙarfe, aikin kuwa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin hawayen Gwaggo, kuma da ta ga na gani sai ta ce hayaƙi ne.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, gari ya cika da fostoci da surutun siyasa, sai ga Madam ta shigo gidanmu tana haki. Ta ce an yi sanarwa a cocinsu, wasu likitocin ƙashi za su zo aikin sa kai, wasunsu 'yan ƙasar nan ne da suka daɗe a waje, yanzu suka fara leƙowa gida da abokan aikinsu. Kyauta za su yi, ba sa tambayar addini ko gari. Ta riga ta kai sunan Gwaggo.

Baba ya ce, "Ƙarfe? A jikin yayata? To idan ta'Allah ta kasance, da shi za a binne ta?"

Aka je aka tambayi malamin unguwa, ya ce neman magani ne, babu laifi. Gwaggo daga kwance ta ce, "A binne ni da shi mana. Ko ka ji ya ce zai gudu ne?"

Aka yi aikin lafiya. Washegari muka je, sai muka tarar nas biyu sun miƙar da ita tsaye, tana riƙe da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, gumi na zuba daga goshinta. Na ce, "La'ilaha illallahu! Jiya-jiya fa aka yanka ta!" Baba ya ce wannan rashin imani ne. Likitar, wata doguwar mata, ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce wannan ba ɗori ba ne. Kada Gwaggo ta tsuguna, kada ta zauna a ƙasa ko a guntuwar kujera, amma ta yi tafiya kullum, yau kaɗan gobe a ƙara, don idan ta kwanta naman ƙafar zai mutu, aikin ya tashi a banza. Muka ce to. Biyun farko muka ɗauko muka taho da su gida, na ukun muka bar shi a asibiti.

Likitocin suka koma inda suka fito, masu dubiya suka karɓi aiki. Mu dai abin da muka sani game da ƙashi shi ne ɗori: a ɗaure, a kwanta, kada a motsa har ya kama. Duk wadda ta zo da lemo ko ƙwai sai ta zo da labarin wani da ya motsa ƙafarsa ta karkace har abada. "Ki kwanta Hajiya, kada ki biye wa mutanen asibiti." Ga kuma tarbiyyar gidanmu, inda abin kunya ne a ga babba ya ɗauki buta da yaro a wurin. Ni na zama shugabar masu gadi. Ta miƙa hannu ga kofi, na riga ta. Ta ce za ta zaga, na kawo kafaɗa. Ƙarfen dogarawar nan ya koma wurin rataye mayafi.

Takan ce, "Ke, ni ba amarya ba ce da za ku zaunar da ni a lalle."

In ce, "Gwaggo, hutunki ne ya zo. Kin yi mana, bari mu yi miki."

Na ji daɗin faɗin wannan magana ƙwarai, har na riƙa maimaita ta gaban baƙi.

Rigimarta da Baba a kan ƙarfen dogarawar nan ce. Wata safiya ta ce a sauke mayafan a miƙo mata shi, za ta leƙa ƙofar gida ta ga titi. Baba ya ce, "Haba Yaya. Ina raye, ga yara cike da gida, a gan ki a waje kina jan ƙarfe? Me mutane za su ce? Cewa za a yi mun gaji da ke."

Ta ce, "Ni na goya ka, kana yi mini fitsari a baya. Yau kai za ka faɗa mini inda zan taka?"

Sai Baba ya ɗauki ƙarfen ya kai sito ya kulle. Ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba sai da Sallah ta zo, shi kuma kullum sai ya durƙusa a ƙofarta ya yi.

Nawa ya fi nasa muni, don ni ban yi mata faɗa ba. Ina koyarwa a firamare lokacin. Wata rana na dawo da wuri, na same ta a tsakiyar tsakar gida, ita kaɗai, ta dogara da taɓarya, tana ɗaga ƙafa tana saukewa. Na ƙwalla ihu. Ihun nawa ne ya firgita ta har ta yi tangaɗi, amma a lokacin ban ga haka ba. Na zubar da littattafai, na durƙusa na riƙe ƙafafunta ina kuka. Na ce, "Gwaggo, na haɗa ki da girman Allah kada ki ƙara. Idan kika faɗi mutuwa zan yi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jingine taɓaryar ta ce, "To, na ji. Tashi." Ta ɗora hannunta a kafaɗata muka koma ɗaki. Daga ranar, ko daga gado zuwa banɗaki, sai da kafaɗata.

Da Madam ta zo ta ga yadda ƙafar ta tsotse, sai ta ɗora hannu a ka. "Me kuka yi mata? Ba ku ji abin da likita ta ce ba? Za ku gurgunta matar nan da hannunku!" Ni kuwa bakin nan nawa da ba ya jira, na ce, "Madam, mu ma mun san darajar tsohuwarmu." Ta ɗauki jakarta ta fita. Bayan mako guda ta dawo da a-kori-kurar ɗanta, da murya mai sanyi, ta roƙi Baba ya bari ta riƙa ɗaukar Hajiya duk Talata ta sha iska a shagonta. Tunda mota ce, Baba ya yarda. Ni da kaina nake sa mata matashi a kujerar gaba, in ja wa direban kunne ya bi ramuka a hankali.

Sauran labarin a zaman makoki na ji shi, ranar addu'ar uku. Madam ta zo tun ranar farko, ta cire takalmi a soro, ta yi kukanta da ƙarfi irin nasu har matan unguwa suna kallon juna. Ranar ukun na matsa kusa da ita, na ajiye takalman a gabanta.

Ta ce, "Hajiya ta hana ni faɗa. Amma yanzu ba ta nan ta zage ni."

Motar, in ji ta, ba ta taɓa wuce bayan layin teloli ba. Can ake sauke Gwaggo. Wani tela ne yake ajiye mata sanda a bayan kekensa. Da farko daga wannan shago zuwa na kusa da shi kawai take iya kaiwa, Madam na gefe, tana zagin Madam tana zagin ƙafar. Da telolin suka gane ba ta zama a ƙasa-ƙasa, sai suka sa kafinta ya yi mata doguwar kujera. Bayan wasu watanni ta kai wurin mai ƙosai. Daga baya ta kai gefen kasuwar Singa, inda 'yan dako ke tsayar da kurarsu ta wuce. Ranar da ta fara shiga kasuwar Sabon Gari da ƙafarta, kai tsaye ta nufi shagon Madam, ta ɗauki kwalba ta sansana ta ce tana jin kananzir. Madam ta ce ranar ta yi kuka har maƙwabta suka zaci mutuwa aka yi. Da yamma kuma su tako su dawo bayan layin teloli, a mayar da sanda, a hau mota, a sauke ta a ƙofar gidanmu, inda nake tsaye da kafaɗata.

Shekaru ana haka. Teloli sun sani, 'yan dako sun sani, mai gyaran takalmi ya sani, kuma duk ta gargaɗe su. Na juya wurin Inna, na ga ba ta yi mamaki ba.

Na ce, "Inna, har da ke?"

Ta ce, "Tun tuni. To wa zai iya da ku, ke da ubanki?"

Gaskiyar magana, ni ma an nuna mini, ƙin gani na yi. Duk Talata takan dawo fuskarta a sake, ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari, in ce iskar mota ce. Ƙafafunta sukan dawo da ƙura har idon sawu, ni nake wanke su a roba in shafa musu mai, ban taɓa tambayar inda mai zaman mota ta samo ƙura ba. Ƙafar da ta tsotse ta cika a hannuna, na ce man da nake shafawa ne. Akwai ranar da wata abokiyar aikina ta ce ta ga mai kama da Gwaggo wajen Singa tana sauri, na yi dariya na ce mai kama dai. Ina son zama yarinyar da ake yabo a unguwa, wadda ba ta bar tsohuwarta ta ɗauki ko tsinke ba. Wannan yabo a kan ƙafafun Gwaggo na same shi, kuma yana ci mini rai.

Labarin ya kai wa Baba a ƙofar gida. Da aka tashi daga tabarma ya buɗe sito, ya fito da ƙarfen dogarawar nan duk yanar gizo, ya goge shi da hannun rigarsa, ya zauna yana kallonsa. Da Yaya ya kai masa abinci sai ya ce, "Likitoci sun kwance ta, ni na sake ɗaure ta." Bai ci ba.

Ba ƙafar ce ta yi ajalinta ba. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan, ya zo ya tafi da ita, ƙarfen da ke ƙugunta yana nan lafiyarsa ƙalau, kuma da shi aka binne ta kamar yadda ta ce.

Abu ɗaya na ƙara tambayar Madam. Na ce, "Ba ta taɓa cewa za ta nuna mini ba?"

Ta ce, "Sau nawa! Sai mu zo kwanar layinku ta tsaya tana hango ƙofar gidanku, ta ce, 'Yau da ƙafata zan shiga, kowa ya gani.' Sai ta hango ki a tsaye kina jiran mota. Sai ta ce, 'Kayya, yarinyar nan ta haɗa ni da Allah, ba zan iya ganin kukan nan sau biyu ba. Kira mana direba.'"

Na ce, "Madam, yaya take tafiya?"

Ta dube ni. "Ba ki taɓa gani ba?"

"Tun da aka yi aikin, ban taɓa ba."

Sai ta miƙe, a tsakiyar masu makoki, ta ɗauki lemar wata baƙuwa ta mayar da ita sanda. Ta gyara mayafi yadda Gwaggo ke yi, ta ɗan karkata kafaɗar hagu, ta ɗaga haɓa. Ta taka daga bakin famfo, sanda na riga ƙafa sauka, da sauri, da sauri sosai, kamar wadda ta bar kasko a wuta. Mai ƙosai ta ce, "Wallahi ita ce!" Mata suka fashe da dariya suna share hawaye. Ni ban san na miƙe ba, sai ga ni a gabanta a tsakiyar tsakar gida, daidai inda na taɓa durƙusawa. Madam ba ta rage sauri ba. Ta ce, "Kauce ki ba ni hanya."

Na kauce.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sa ta ƙetare siraɗi da saurin nan nata. Allah Ya saka wa likitocin da ba su san mu ba, da Madam, da duk wanda ya ajiye mata kujera a bakin hanya. Mu kuma Allah Ya yafe mana.

Jiya na shiga ɗakinta zan kwashe kwalabe, na tsaya tsakanin gado da ƙofa, inda na yi shekaru ina raka ta. Sai na tuna hannunta a kafaɗata. Ko sau ɗaya ban taɓa jin nauyinsa ba. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka don ta rame ne.